Lahadi da Yamma, Ostend, 1912

Wata uku ke nan ina wanke ɗakin nan
da auduga a bakin tsinke.
Faɗinsa kamu biyu, tsawonsa bai kai ba,
amma hayaƙin shekara ɗari ya kwanta masa
kamar maiƙo a wuyan tukunya.

A bayan zanen wani ya rubuta da fensir:
Kamiel da Sidonie, Lahadi.
Ko sunan titi babu.

Kamiel na zaune, ya ɓalle maɓallin wuya,
jarida a kife a cinyarsa.
Lofensa ya mutu tun ɗazu, bai sani ba.
Ya kafa wa bango ido, daidai inda ba kome.
Sidonie na tsaye, ta ba shi ƙeya,
wuƙa a dama, dankali a hagu,
ɓawon ya sauko, ya murɗe, bai tsinke ba.
Tun kafin a haifi kakata yake reto,
har yau bai kai faranti ba.

Ba faɗa suka yi ba.
Na san fuskar faɗa, tana da jini a jika.
Su magana ce ta ƙare musu
yadda gishiri ke ƙarewa a gida,
ba mai lura sai an kai loma.

Mai zanen ya yi rowar launi:
ruwan ƙasa, ruwan toka,
da wani kore irin na gansakukar gindin gada.
Agogo ya ce huɗu saura kwata.
Kyanwa ta hau kujera ta uku ta naɗe,
ita kaɗai ce ta san abin da ta zo yi.

Ranar Talata muka sa shi a na'urar haska ƙashi.
Ƙarƙashin bangon da Kamiel ke kallo
ashe taga ce. A buɗe.
Ga teku, ga jirgin Dover yana jan hayaƙi,
ga labule iska ta ɗaga masa gefe.
An zana ta tsaf, ba gaggawa,
sannan aka bi ta da fenti, shafi uku,
aka jera mata furannin bango
masu kama da kabeji.

Wa ya ce a rufe?
Ko mai zanen ne ya ga hasken ya yi musu yawa,
ko Sidonie ce ta leƙo ta kafaɗarsa,
ta ce, mu ba ma buɗe ta.

Shugabanmu Verhaeghe ya gyara tabarau,
ya ce a bar ta yadda mai ita ya bar ta.
Datti aka ɗauke ni in cire.
Na koma kan hannun rigar Kamiel,
na fito masa da wani maɓalli
da ke rataye da zare ɗaya.

Da yamma na bi bakin teku a ƙasa,
iska na marina da ƙarnin kifi,
tagar nan tana bakina kamar alewa,
ina tsoron kada ta narke kafin in isa.

Joris ya riga ya ɗumama miya.
Talabijin na kunne, an kashe mata murya.
Ya ce, ya aiki? Na ce, da godiya.
Cokali ya taɓa kwano. Cokali ya taɓa kwano.
Na buɗe baki, ya ɗago kai,
ya jira ni, wallahi ya jira.

Na ce, miƙo min gishiri.