Mabuɗin Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Baffa Siddi
yana bin magudanar ruwa a Dadin Kowa,
mabuɗin ƙarfe a kafaɗa kamar sandar kiwo.
Ya tsuguna ya murɗa, ruwa ya gangara wa masu shinkafa,
ya miƙe, ya ƙara gaba, ya tsuguna ya datse,
masu tumatir su jira Laraba.
Yau gwiwar ta cinye kanta.
In zai tashi, kuka take kamar dutsen niƙa babu hatsi.
Asuba ma a kan kujerar roba yake sallatarta,
goshi na kewar ƙasa.

Na zo hutu daga Gombe, ya dube ni ya ce,
"Ke mai kwana cikin kwalabe,
me kuke dafawa ne da ba ya nuna?"

Na ce guringuntsi, Baffa.
Farin nan da kake gurgura a bakin ƙashin kaza,
shi ne shimfiɗa tsakanin ƙashi da ƙashi.
Gona ce da jijiyar jini ba ta ratsa ta,
in ta zaizaye, babu mai kai mata ɗauki.

Daga ɓargo muke ɗibar ƙwayoyi,
waɗanda ba su tsai da abin da za su zama ba.
Kowacce na ɗauke da gadonta kaf,
umarnin ƙashi, na kitse, na guringuntsi,
duk suna kwance kamar ruwa a bayan dam.
Magana ita ce wace ƙofa za a ɗaga,
wace za a bari da kwaɗonta.

Ya gyara zama. A nan na sami kunnensa.

"To, wa ke riƙe da mabuɗin?"

Wasu 'yan sinadarai, na ce,
masu hawa zaren gado su zauna,
su ce a karanta nan, a tsallake can.
Mu lallashi ne namu:
mu canza musu abinci, mu rage musu iska,
mako uku muna leƙe kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe.
Sai ga ɗan dunƙule, bai fi ƙwayar dawa ba,
fari, mai santsi. Mu yi ta murna.
Kafin wata ya zagayo ya taurare,
ya kama hanyar zama ƙashi abinsa.

Dariya ya yi har da tari.
"Kun buɗe kun tafi shan shayi ke nan.
Buɗewa ai ko yaro ya iya.
Shekarar da na yi zazzaɓi Barde ya riƙe mini aiki,
ya bar ƙofar gabas kwana biyu,
albasar mutum tara ta ruɓe a ƙasa.
Albashina na rufewa ne, 'yar nan."

Ban faɗa masa tsawon tafiyar ba,
daga kwalba zuwa ɓera, daga ɓera zuwa akuya,
kafin a kai ga gwiwar mutum.
Shi ma bai tambaya ba.
Ya miƙo ƙafa na shafa masa man zafi,
muna jin injin ban ruwa can wajen kogi
yana tari, yana kamawa.

Ran Litinin na koma.
Na yagi farin tef na manna a kwalba ta bakwai,
inda ake sa lamba da kwanan wata
na rubuta: ƙofar gabas.