Baƙon da Ya Ƙi Tafiya

Kwana shida ke nan, ni Gombosuren,
mai dawakai goma sha tara a kwarin Arkhangai,
ina fita da asuba zuwa bayan tanti,
ƙanƙara na cizon dugadugaina,
in tsuguna, in yi nishi kamar raƙumin da kaya ya danne,
in tashi hannu rabbana.
Abin da ya fito shekaranjiya, in ma fita ce,
bai fi kashin akuya uku ba,
kowanne da taurin tsakuwa.

Cikina ya zama ganga.
Na sassauta ɗamara, na ture kwanon nama.
Dulmaa, matata, ta ce
fuskata kamar ta wanda aka aiko wa sammaci.
Na yi gum.
Wanda ya saba kayar da ingarma
ya ce hanjinsa ya kayar da shi?

Sai jikata Oyuntuya ta zo hutu
daga makarantar jinya ta birni.
Kallo ɗaya ta yi mini:
"Kaka, yaushe rabonka?"
Kunya ta kama ni har kunne.

"Me kake ci?"
Naman tunkiya da safe, naman tunkiya da dare,
busasshen cuku, da farar fulawa.
"Ruwa fa?"
Wa ke jin ƙishi, yarinya, a sanyin da ke daskarar da gemu?
"Tafiya fa?"
Na kalli babur ɗina, ya kalle ni.
Tun kaka shi ke mini kiwo.
"In ya matsa maka da dare?"
Na ce sai in danne, in ƙara jan bargo.

Ta yi dariya, ba ta raini ba.
Ta ce hanji hanya ce mai shan ruwa:
duk abin da ya daɗe a cikinta
sai ta tsotse shi ya bushe ƙayau.
Wanda ka kora da dare,
da safe sai ka roƙe shi.

Ta ɗora tukunya.
Sha'ir da dusarsa, kabeji, karas daga jakarta,
zabibin da ta jiƙa tun dare.
Kofin ruwan ɗumi kafin shayi,
wani da hantsi, wani, wani kuma.
Ta ɓoye makullin babur a aljihunta,
ta ce in bi tumaki da ƙafata.
"Kada ka yi yunƙurin ƙarfi, basir na laɓe.
Kada ka saba da maganin wankin ciki na kasuwa.
Amma in ka ga jini, ko amai,
ko ciwo mai murɗa, ko rama ba dalili,
ko shiru ya ci gaba,
mota za mu nema zuwa asibitin Tsetserleg,
ba gardama."

Ranar farko, iska kawai.
Ta biyu, ƙugi kamar hadarin nesa.
Ta uku, bayan shayin safe,
baƙon ya ƙwanƙwasa da kansa.
Ban ce masa jira ba.

Da na dawo, dutsen gabas ya yi fari tas,
ashe yana nan duk kwanakin nan ban gan shi ba.
Na ɗaure ɗamara inda take a da.
Dulmaa ba ta tambaye ni komai ba,
ta dai ƙara kabeji a tukunya.
Babur kuwa yana can gindin shinge,
ƙanƙara ta yi masa hula.