Ƙararrawa

Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwanon karnuka
a ɗakin gwaji, kusa da kogin Neva,
garin da rana ke jin nauyin fitowa.

Sunana Fadei. Ban yi karatu mai zurfi ba.
Masu farar riga ke kaɗa ƙararrawa,
ni nawa in turo garin nama,
su ƙirga ɗigon yawu a kwalba, ɗaya, biyu, har sha tara,
su rubuta: kare ya koya,
ƙara ta zame masa yunwa.

Akwai Milka, baƙa mai farin wuya.
Ita takun takalmina take jira,
tun ina tsakar gida yawunta ke zuba.
Wannan bai shiga littafin kowa ba.

Sai daren da kogi ya tumbatsa,
ya shigo keji har iya wuya.
Ni da Yefim muka nutsa, muna janyo su ta ƙasan ƙofa,
hanci sama, ido waje, jiki na rawa.

Bayan mako aka kaɗa. Milka ta kalli bango.
Ko ɗigo.
Tsoro ya wanke allon tas,
manya suka cika takardu a kan mantuwa.

Yau na tsufa. Agafya, matata, ta rasu bara.
Amma da agogon bango ya buga shida
sai in tsinci hannuna ya jera kofin shayi biyu,
idona ya ciko da ruwa.

Wa ke ƙirga nawa ɗigon?
Babu kowa.