Kiran Suna a Kassala

Ban san su ba sa'ad da nake rubutu.
Ƙofa ɗaya na bari a manhajar:
jakar da kowa zai ajiye ɗan ƙarinsa.

Daren Talata, janareta na tari,
jabana ta huce gefen kwamfuta.
Na danna, ta tashi, ta leƙa jakar:
wa ke nan? Faɗi sunan ajinka.

Mai Lissafin Magani ya amsa.
Mai Buga Rasit ya amsa.
Na uku, shiru.

Haladu ne ya aiko shi daga Gadarif,
ya ci harafi ɗaya a sunan.
Har asuba ina nemansa,
ashe yana tsaye bakin ƙofa
da sallamar da ba a ji ba.