Ɗaki Mai Bangon Kwalin Ƙwai

Hawa na biyu, saman shagon mai ɗinkin labule,
inda Titin Bauchi ba ya rufe baki,
nan na manna kwalin ƙwai ɗari huɗu a bango
da hannuna, shekarar da aka haifi Ladidi.
Yau Ladidi tana da goyo.

A da sai ka sa sunanka a littafi,
mako uku kafin layi ya zo kanka.
Asabar ta matan zumunta ce daga Bukuru,
da tulunsu, da zani iri ɗaya.
Lahadi da la'asar masu bege su hau da mandiri.
Makirufo ɗaya ne, bai taɓa tambayar kowa sunansa ba.
Ni dai nawa bai wuce:
ku ɗan ja baya.
A sake.
A sake.

Sai kaset ya yi sallama,
faifai ya raka shi, bai dawo ba.
Alhaji Ɗanliti da ke saye kwali-kwali
yanzu caja yake sayarwa a Taminus,
in mun haɗu ma hirar tsadar mai muke yi.

Jiya Nanfa ya turo min waƙa,
yaron da na koya wa naɗe igiyar lasifika.
A ɗakin kwanansa ya yi ta,
bargo a ka, kwamfuta a cinya,
mutum dubu tamanin sun ji kafin azahar.
Na saurara ina farautar aibi,
na kuwa samu:
zakaran maƙwabta ya yi cara a baiti na biyu.
Ba wanda ya damu.
A ji na uku ni ma ƙafata ta ci amanata,
tana buga ƙasa.

Da me nake biyan haya?
Tallan maganin basir.
Waƙar ɗan takarar kansila
da ya ba da rabi, ya ce saura sai an rantsar.
Waƙar biki, kiɗa ɗaya,
a cire sunan ango a sa na wani.
Ba na raina su. Janareto ba ya shan tarihi.

Ran Talata wata mata ta hau matakala
tana hutawa a kowace ta uku.
Uwani, ta ce sunanta.
Ta kwance bakin mayafi, sai ga kaset,
zaren ya fito kamar hanjin kaza.
Na mijinta ne, shekara tara da rasuwa,
a ɗakin nan ya yi shi, wai ko na tuna?
Ban tuna ba. Na ce ta zauna.

Reza, biro, ɗigon jan farce.
Hannuna ya san hanya, bai jira ni ba.
Da farko shuuu, kamar ruwan Agusta a kan kwano,
sai gurmi,
sai tari,
sai wata murya ta bayan gilashi,
siririya, mai gaggawa, mai ji da kanta:
A sake.

Ni ne.
Ban san na taɓa yin ƙuruciya haka ba.

Na ce zan wanke shi tas in zuba mata a waya.
Ta ce, wanke duka, amma tarin nan,
kar ka taɓa min shi.

Ta shiga ciki ta saurara, na ja ƙofa.
Hon ɗin keke ya mutu, mai rake ya mutu,
garin duka ya tsaya a waje yana jira.
Sai a ranar na gane hajata.
Shekara talatin ina cewa sauti nake sayarwa,
ashe shiru ne,
kuma har yau ba a sa shi a waya ba.

Da magariba Nanfa ya kira.
Baba, awa ɗaya nawa ne?
Murya kawai zan ɗauka, ɗakinka babu zakara.

Na jawo tsohon littafin daga ƙarƙashin tebur,
na karkaɗe shi.
Biron na cikin kaset ɗin Uwani.
Na ce, ɗan riƙe layi.