Muryar Tilda

Da asuba muka tsinci sawun
a gefen titin masu saran katako,
yamma da Baraga, can ƙuryar Michigan,
inda babban tafki ke turo sanyi ta ƙarƙashin ƙofa.
Zagayayye ne, babu alamar farce,
kamar an danna gindin kofi cikin gari.
Baba Arvo ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa:
"Na daren jiya ne. Namiji. Ya ci, bai ƙoshi ba."

Na kwance Rusk, na kwance Tilda.
Rusk ɗan shekara biyu, duk jikinsa baki ne.
Tilda tara, kunne ɗaya a tsage,
ba ta magana sai ta tabbatar.

Baba ya koma mota.
Shekara uku ke nan gwiwa ta raba shi da daji.
Ya sauke gilashi, ya cire hula don kunne ya yi aiki,
ni kuwa na ɗaura faffaɗan takalman ƙanƙara
na bi murya.

Muzurun dajin nan mai guntun wutsiya
ba ya gudu irin na barewa.
Lissafi yake yi.
Ya shiga fadamar al'ul, inda rana ba ta da ƙofa,
ya zaga, ya dawo ya taka sawunsa,
ya hau gungumen da iska ta kayar, ya bi ta sama,
ya bar Rusk yana haushin wofi.
Tilda ta yi shiru.
Shirun nan na fi tsoro, shi kuma na fi so:
tana warware zaren da aka ƙulla mata,
ƙulli bayan ƙulli.
Can sai ta saki dogon kuka mai kauri,
rediyo ya yi ƙara a ƙirjina:
"Ta samo shi, Helmi. Yi gabas."

Sha ɗaya. Ɗaya. Uku saura kwata.
Burodin aljihuna ya zama dutse.
Gumi ya daskare a girata.
Na nutse har ƙugu, na fito, na sake nutsewa,
na zagi muzuru, na zagi kare,
na zagi kakan da ya gadar mana wannan hauka,
sannan na miƙe, don muryar ba ta zauna ba.
Sau huɗu muka ƙetare rafi guda.
A na huɗun na ga ɗigon ja a sawun Tilda,
ƙanƙara ta yanke ta a tafin ƙafa,
kowane taku da hatiminsa.

Wai juriya ƙarfi ce.
Ƙarfi ai ya ƙare tun azahar.
Abin da ya rage taurin kai ne,
nawa, da nata, da na wancan da ke gaba,
mu uku a igiya ɗaya, kowa na jan kowa.

Dab da faɗuwar rana haushin ya sake,
ya zama gajere kamar saran gatari.
Na iso ina jan ƙafa.
Ba bishiya ya hau ba.
Tsagar dutse ce, tsayin mutum biyu,
yana kwance a bakinta, haƙarƙari na hawa da sauka,
tukkun kunnuwa baƙi, idanu ruwan zuma,
ya yi mini kallon wanda ya san ni tun safe.
Na ɗaga bindiga. Yatsu suka ƙi lanƙwasuwa.
Kafin in hura musu numfashi
dutse ya haɗiye shi.

"Yaya?" in ji rediyo.
"Ya shige."
Shiru. Sai dariyar tsoho, da tari a wutsiyarta:
"Haka ubansa ya yi mini. Kawo min karyata gida."

Mil biyar zuwa titi.
Rusk na gaba, bindi a ƙasa.
Tilda a saɓe a wuyana,
zuciyarta na bugun ƙeyata,
jininta na ɗumama min kafaɗa.
A rabin hanya muka ratsa sawun safe,
wanda iska ta riga ta soma sharewa,
sai na ji hancinta ya motsa,
ta yi wani ɗan kuka can cikin maƙogwaro,
wai in sauke ta.