Ranar da Jar Tawada Ta Ƙare

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
shagon Usta Babikir ƙofa ɗaya gare shi,
injin buga takarda ɗaya, da fanka mai tari.
Nan nake zaune tun azahar,
farar takarda a gabana,
ta fi ni haƙuri.

Hansai ungozoma ce ta kawo aikin.
Ta ɗora jakarta kan kwalin kalandar bara,
ta ce, "Zana mana fostar da mace za ta karanta
ba tare da ta tsaya ba.
In ta tsaya, an gan ta."

Na fara da fuska. Na goge.
Duk fuskar da na zana
sai ta koma ta Raliya,
wadda ta iso daga Madani a bayan motar gawayi,
takalmi ƙafa ɗaya,
wata biyu ba ta ce uffan ba.
Ranar da bakinta ya buɗe
ba mu ta gaya wa ba,
wata mai saiwoyi a ƙullin zane ta gaya wa.
Sau uku muka wanke tabarmar.
Daga baya muka ƙone ta.

Na zana fure, Hansai ta yi tsaki:
"Katin biki na sa ki?"
Na zana hannu a dunƙule:
"Wa za a nausa? Matan nan a gajiye suke."

Sai kalmar.
Zubar da ciki. Na rubuta, na waiga ƙofa.
Sai ka ce ruwan wanki ake watsarwa a lungu.
Na gwada ta da Larabci,
ta tsaya ƙiƙam kan takarda
kamar mai gadi a bakin asibiti.

Aka ɗauke wuta.
Mai shayi ta miƙo mana gahawa da citta,
muka sha a duhu-duhu.
Hansai ta ce, "Wadda aka yi wa fin ƙarfi
doka ta bar mata ƙofa, kwana casa'in.
Amma kafin ƙofar akwai tebur bayan tebur,
kowanne da hatiminsa, kowanne da tambayarsa,
ciki kuwa ba ya jiran hatimi.
A kan ƙidayar kwanaki na ji malamai sun saɓa.
Jinin da na kwashe da hannun nan,
shi kam babu saɓani a kansa."

Usta Babikir ya leƙo ta saman kafaɗata,
carbi na yawo a yatsunsa.
"'Yata, wannan ba za ta kwana a bango ba.
Ni ma hayar shago nake."
Ya fita. Ya dawo.
Ya ce, "Ƙara wa lambar wayar girma.
Tsofaffi ma suna da 'ya'ya."

Da wuta ta dawo, jar tawada ta ƙare.
Na so in yi kuka, Hansai ta yi dariya:
"Madalla. Ja ya ishe mu haka."

Da shuɗi muka buga.
Ƙofa ce kawai, a ɗan buɗe,
silifa biyu a bakinta, an jera su da kyau,
irin na wadda ta san za ta fito ta saka.
A sama: Ba ke kaɗai ba ce.
A ƙasa: Zo da wuri.
Gindin takardar na tsaga shi siri-siri da almakashi,
kowane harshe da lambar Hansai,
daidai abin da zai ɓuya a bakin mayafi.

Da ƙaro muka liƙa, bayan isha,
jikin famfon unguwa, bayan injin niƙa,
inda maza ba su cika daɗewa ba.

Usta ya yi gaskiya. Da safe
bakwai cikin goma suna ƙasa,
akuya na tauna Zo da wuri.

Amma ta jikin famfo tana nan,
kuma harsuna uku babu.
Na duba wurin yagar da kyau.
Ba fizga aka yi ba.
A hankali aka cire, da farce,
yadda ake cire ƙaya daga ƙafar yaro mai barci.

Na koma gida na jiƙa wani ƙaron.